Haƙorin da Goggo Ta Keɓe wa Makka

Goggona, yayar babanmu, fura take damawa a wani ƙauye kusa da Zango, kuma ban taɓa ganin mace mai dariya irin tata ba. Ga bakin ja wur da goro da fure, ga giɓi ko'ina. A lissafinta kowace haihuwa da haƙori ɗaya take tafiya, har takan nuna mana: "Wannan giɓin na babban yayanku ne, ɗan banza, turmi guda ya ci mini!" In dasashinta ya yi jini, ta ce mugun jini ne ke fita. In ciwo ya taso, ta cusa kanumfari ta ci gaba da daka.

Amma akwai haƙori ɗaya a sama, gefen dama, da ta keɓe. Shi za a sa wa zinariya ranar da Allah Ya kira ta Makka. Shi kaɗai ke shan asuwaki sau biyar a rana, har ta raɗa masa suna Alhaji. Sauran kuwa, oho!

Shekarar da aka fara Shari'a ɗanta ya biya mata kujera. Sai ga Alhaji ya fara girgiɗi. Ina makarantar koyon aikin jinya a lokacin, na lallaɓa ta zuwa asibiti a Daura. Ta ce atafau ba za ta wage wa namiji baki ba, muka yi ta jira har aka samo ma'aikaciya mace. Ita ta duba, ta ce ba haihuwa ba ce, ciwon dasashi ne da ya daɗe yana cin gindin haƙoran, wannan ma sai an cire.

"A cire wa?" in ji Goggo. "'Yar nan, tashi mu tafi."

Wallahi ta ba ni haushi, ta kuma ba ni tausayi. Ta bar goro, ta bar tuwo, sai kunu da farau-farau, don dai ta kai shi. Dariyar ma ta koma yin ta a hankali.

Ranar da ta dawo daga Makka, mata suka cika gidan maƙil. "Hajiya, buɗe mu gani!" Ni dai na lura tun daga mota bakinta a rufe yake. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta washe baki. Babu zinariya, sai sabon giɓi.

Ashe a Mina ya fita, tana cin dabino. Ta wanke shi da zamzam, ta tona ƙasa ta binne.

Goggo ta share ƙwalla da bakin mayafi.

"Me kuke wani zumɓura baki? Ni aka maido gida. Shi ya samu kwanciya a can."