Lubbert Kafinta da Durowar da Ba Ta Shan Laima

Kafin motar biredi ta shigo layinmu, Lubbert Kanis ya riga ya buɗe shago. Yakan jingina kekensa a bango, ya rataye hula a ƙusa, ya tsaya a tsakiyar shagon ya ja iska da hanci. Sai ya ce yau katako ya ƙoshi, ko ya ce yau yana jin ƙishi. Daga nan ya ɗora kofi a wuta. Ba ya taɓa zarto sai ya sha. Ba ya kunna rediyo.

Haka yake tun ina tuƙa jirgin dakon yashi a kogin IJssel na ƙasar Holan. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, don gwiwa ta ƙi. Masu jaridar unguwa suka ce wani ya rubuta wani abu a kansa, kowa ya noƙe. Ni Evert Selles ban daɗe a makaranta ba, kuma ban saba yabon mutum ba. Amma wannan zan yi.

Aikinsa kabad na ajiye taba. Ba ta takarda nake nufi ba. Tabar naɗi, mai kauri, ganye a ciki ganye a waje. Yana shimfiɗa wa kabad ɗin jan katako mai ƙamshi daga ciki, ya yi masa ƙofar da in ka rufe ta sai ka ji ta yi ajiyar zuciya. Duk garinmu Kampen babu mai yin irinsa.

Mutane sun ga abin da suka gani. Wani saurayi ya zo da doguwar mota yana son kabad mai tsayin mutum. Lubbert ya tambaye shi taba nawa gare shi. Ya ce akwati guda. Lubbert ya miƙa masa ɗan ƙaramin akwati ya ce, "In wannan ya cika ka dawo, ina nan." Femmigje mai wanki ta kawo akwatin marigayi mijinta, murfi ya ɓalle. Ya gyara, ya kai mata har gida, ya zauna ya sha miyar wake kwano biyu yana sauraron labarin mijin da ya riga ya sani. Femmigje ce ta faɗa mini, ba shi ba.

Yanzu nawa labarin.

Matata Stien ta yi aiki a kamfanin taba na bakin kogi tun tana budurwa har aka rufe shi. A makon ƙarshe ta naɗa akwati guda da hannunta ta kawo gida. Ta ce na ranar da za a haifa mana jika ne, a raba wa mazan layi kamar yadda aka raba ranar da aka haifi 'yarmu Janneke. Stien ta rasu ba ta ga jika ba. Janneke ta yi aure, shekaru suka yi ta wucewa, shiru. Ban taɓa tambayarta ba. Akwatin yana saman kabad na tufafi, ba wanda ke taɓa shi.

Ni kuwa tunda na sauka daga jirgi taba ta yi mini yawa. Mutum in ya tsufa, kowa sai ya ba shi taba ko safa. Surukina ya kawo ta Kuba. Tsofaffin abokan aiki suka kawo ta Nikaragua. Ni ma ina saye. Ta cika tebur, ta shiga ƙarƙashin gado.

Wata Lahadi bayan coci Janneke ta zo shan kofi, ta buɗe gwangwanin biskit ta tarar da taba.

Ta ce, "Baba, wannan kuma fa? Da me zan sha kofin?"

Na ce, "Mayar da murfin, iska na shiga."

Ta ce, "To ka nemi inda za ka kwashe su. Nan da bazara jariri na tafe, kafin ka ankara yana rarrafe yana sa komai a baki."

Na dube ta. Ta gyaɗa kai. Na tashi na je na duba tukunyar da ba komai a cikinta.

Washegari na tafi wurin Lubbert. Na san abin da nake so. A layinmu ba a jan labule, wanda ya ja yana da abin ɓoyewa. Abin da mutum ke alfahari da shi a taga yake zama, kowa ya wuce ya gani. Maƙwabcina Hessel, tsohon mahauci, ya sayo ƙaton kabad na gilashi mai fitilu ya kafa a tagarsa. Kullum na wuce sai ya ɗaga mini kofi daga bayansa yana murmushi. Ina son wanda ya fi nasa tsawo, akwatin Stien a can sama.

Na ce wa Lubbert, "Mafi girma nake so."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Sannu, Kyaftin. Taba za ka zuba ko kai za ka shiga?"

"Ka ji abin da na ce."

"Na ji. Sai na ga gidan."

"Gidan ba na sayarwa ba ne."

"Kabad ɗin ma haka, sai na ga gidan."

Ya zo bayan azahar. Na ba shi kofi da biskit guda daga sabon gwangwani, na rufe. Ya bi ɗakuna yana dafa bango da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓi. Da na nuna masa tagar, ya sunkuya ya taɓa ƙarfen ɗumama ɗaki da ke ƙarƙashinta, ya janye hannu.

Ya ce, "Rana daga sama, wuta daga ƙasa. Gasa ta za ka yi?"

"Na Hessel a taga yake."

"Hessel mahauci ne. Ya saba rataye kaya a taga."

Ya zaɓi lungun bayan matakala, inda nake ajiye lema da takalmin ruwa. Wurin da ba mai gani sai wanda ya shigo neman bayi. Na ce ban yarda ba. Ya ɗauki hularsa. Na ce ya zauna.

Ya sa na fito da tabar duka a kan tebur. Ya duba yawanta, ya ce in ƙara rabin haka a raina, don mai tara taba ba ya ragewa. Ya ce ba mafi girma nake bukata ba, na biye da shi ya isa, in kabad ya yi wa taba yawa iskar ciki ba ta zama. Na ƙyale shi. Sai na shiga ɗaki na ɗauko akwatin Stien na ajiye a gabansa.

Na ce, "Wannan a sama zai zauna. Don shi nake sayen kabad ɗin."

Ya buɗe a hankali. Ya ɗauki kara guda ya murza kusa da kunnensa, ya shinshina, ya mayar. Ya rufe akwatin.

Ya ce, "Wannan ba zai shiga ba."

Na dafa akwatin. Na ce, "Maimaita."

"Ba zai shiga ba, Evert. Waccan ta ƙasashen zafi ce, da laima take rayuwa, don ita ake yin kabad. Wannan tamu ce ta gida. A bushe aka yi ta, a bushe take son zama. Ka sa ta cikin laima, za ta kumbura, ganyen waje da ke mata riga ya tsage."

"Wato na baƙi su kwanta a gado, na matata ya koma saman tufafi?"

"Ban ce ba. Zan yi mata durowa a ƙasa, mai nata murfin, laima ba ta kai wa."

"A ƙasa! Wajen takalmi!"

"A ƙasan ne sanyi yake."

Na ce masa na zauna da Stien fiye da rabin rayuwata, ba mai zarto ne zai koya mini inda zan ajiye aikin hannunta ba. Ya ce to. Ya shanye kofinsa ya tafi.

Duk da haka aka kawo kabad, aka kafa a bayan matakala. Lubbert ya jera ƙananan kwanoni na tataccen ruwa a ciki ya rufe, ya ce kada in sa ko kara guda sai katakon ya sha ya ƙoshi, in ba haka ba shi zai tsotse tabar. Makonni yana tsaye ba komai a ciki sai ruwa. Hessel ya shigo aron tsani ya gani.

Ya ce, "Kai Evert, kifi za ka kiwata? Ashe kewar kogi kake yi."

Na ce masa tsanin yana waje.

Ranar da Lubbert ya ce katako ya ƙoshi, muka jera ta baƙi tare. Na ɗauko akwatin Stien zan ɗora a sama. Ya tare ƙofar da hannu. Ya zaro wani ƙyalle daga aljihun ƙirji ya warware. Kara guda ne, irin na akwatina sak, har da ɗan karkacewar da Stien ke yi wa baki.

Na ce, "Ina ka samu wannan?"

"Ita ta ba ni. Ranar da aka rufe kamfani na je kwance katakon benci, ta miƙo mini."

"Ba ta taɓa faɗa mini ba."

"Kana kan ruwa, Kyaftin. Abubuwa da yawa sun faru a tudu."

Ban yi dariya ba. Shi ya yi.

Ya ce, "Mu sa nawa a sama. In ya kai wata lafiya, ka sa naka duka, ni kuma in je in nemi aiki wurin Hessel."

Na ce, "Shi kenan gare ka?"

"Shi kenan."

"To in ya lalace fa?"

"Guda ya lalace ya fi akwati."

Ya ajiye shi a kan katakon sama ya rufe ƙofa.

Ban jira wata ba, kullum sai na leƙa. Da farko ba komai, har na fara shirya abin da zan gaya masa. Daga baya karan ya yi taushi. Ya kumbura. Wata safiya na tarar rigarsa ta tsage daga baki har ciki, kamar wando a jikin mai ƙiba. Na tsaya ina kallonsa. Na tuna nawa ne a akwatina, da kuma cewa mai naɗa su ba za ta ƙara naɗa wani ba.

Na kai masa shago a tafin hannuna. Ya duba, ya shafa shi da ɗan yatsa, ya nannaɗe a ƙyallensa. Bai ce ai na faɗa maka ba.  Na ce ya zo ya yi durowar, kuma ta zama mai kyau.

Ya yi ta. Ya sassaƙa harafin farko na sunanta a jikin mariƙin, ƙarami, ban sa shi ba.

Kai ne wannan, Lubbert. Kai ne mai cewa a'a ga mutumin da ya zo saye da fushinsa. Kai ne ka ba da abin da ba ka da na biyunsa don kada na wani ya salwanta. Mai hancin da ya fi agogon auna laima. Mai taurin kan da ya kai nawa, kuma ba su da yawa a garin nan.

Janneke ta haihu da furanni suka fara fitowa. Mace. Suka sa mata Stien. Aka yi busasshen biredi da 'yar alewa ruwan hoda a kai, kamar yadda muke yi in an haifi mace, layi ya cika gidana. Na durƙusa a bayan matakala, gwiwata na ƙara, na jawo durowa. Ko guda bai tsage ba. Ƙamshin da ya taso shi ne na gashin matata in ta dawo daga aiki.

Muka fita farfajiyar baya, don Janneke ta ce duk wanda ya kunna wuta kusa da jaririya sai ta jefa shi kogi. Na raba. Hessel ya ja, ya busa.

Ya ce, "Wannan fa taba ce. Nawa duk sun bushe ƙayau, sai fashewa suke."

Lubbert ya ce, "Ja labule."

"In ja labule? Mutane su ce me?"

"To ci gaba da gashi."

Cikin makon Hessel ya kira Lubbert suka matsar da kabad ɗin. Yanzu tukunyar fure ce a tagar.

Na farko da na cire daga akwatin, Lubbert na ba wa. Ya karɓa, ya murza a kunne, bai kunna ba. Likita ya hana shi tun da daɗewa, duk mun sani.

Na ce, "Kai shi gida, madadin naka."

Ya ce, "Gidana na bakin ruwa, bango na gumi. Ajiye mini a durowa. Zan riƙa zuwa ina duba shi."

Yana nan a durowar, shi kaɗai a cikin akwati. Duk Laraba Lubbert na zuwa duba shi. Ya jawo durowa, ya leƙa, ya ce yana lafiya, ya zauna. Yanzu ba na rufe gwangwanin biskit in ya ɗauki na farko.

Na gode, Lubbert. Janneke ta gode. Ƙaramar Stien za ta gode in ta yi baki, zan gaya mata.

Ku kuma masu sana'a da ke tasowa, kafinta ne ko mai gyaran famfo ko mai sayar da takalmi, ku je ku ga gidan kafin ku sayar. In abin da mutum ke so zai ɓata abin da yake ƙauna, ku ce masa a'a, ko da ya ɗaga murya. Shagon na buɗe har ƙarshen wata. Ku je ku gaishe shi. Kada ku taɓa zarton, kuma kada ku ce ni na aiko ku.