Layin da Malam Bai Rubuta Komai a Kai Ba

Akwai wani darasin Hausa a shekararmu ta ƙarshe a sakandare da ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina. Lokacin a Gummi nake karatu, ina zaune gidan kawuna. An kawo mana sabon malami daga wajen Bukkuyum, dogo, marar yawan magana. Mun ɗauke shi mai girman kai, don ko inuwar da malamai ke hira ba ya zama.

Ran nan darasin waƙa ne. Bai buɗe littafi ba, sai ya ɗauki alli ya rubuta a allo:

Na shimfiɗa tabarmi huɗu.
Na naɗe uku.
Salamu alaikum.

A ƙarƙashi ya ja dogon layi, bai rubuta komai a kai ba. Ya juyo ya ce mu faɗi ma'anarta.

Aji ya kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Malam, wagga ba waƙa ta ba. Ba kari, ba amsa-amo." Wata yarinya ta ce baƙi aka yi wa shimfiɗa ba su zo ba. Wani ya ce mai sayar da tabarmi ne kasuwa ta ƙi shi. Malam dai kai kawai yake gyaɗawa.

Ni dariyar ta ƙi zo mini, Inna na tuna. Tun da Baba ya rasu, yayyena mata suka yi aure, ita kaɗai ta rage a gidanmu, wani ƙauye kusa da Anka. A hutun da ya wuce na isa ba ta sani ba, na zauna bayan rumbu ina hutawa. Sai ga ta daga rijiya. Ta yi sallama a bakin ƙofa, ta ɗan dakata, sannan ta amsa wa kanta a hankali. A lokacin na ɗauka tsufa ne kawai.

Na ɗaga hannu na ce, "Malam, mutum ne da ya saba yi wa iyalinshi shimfiɗa, hannunshi bai manta ba. Sai ya tuna ba su nan, ya naɗe. Wanga layi na ƙasa kuwa wurin amsar sallama ne, babu mai amsawa."

Malam ya juya mana baya, ya daɗe yana kallon allo. Can ya ce, "Zauna. Haka ne." Ya fita tun ba a buga ƙararrawa ba.

Da na ba kawu labari, sai ya yi salati, ashe ya san garin su Malam. Shekarun da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, gubar dalma ta ɗauke wa Malam 'ya'ya biyu a damina ɗaya, uwarsu ma ba ta daɗe ba ta bi su. Shi ya roƙi a canja masa wurin aiki, don ya kasa zaman gidan.

Ranar Juma'a na hau mota sai Anka. Da Inna ta gan ni ta miƙe a firgice. "Lahiya? Hutu anka yi?"

Na ce, "A'a Inna, ke na zo gani."

Ta shige ɗaki, ta fito idanunta jawur, ta ɗora tukunyar da ake ɗorawa lokacin da gidan ke cike. Tuwon da ta tuƙa ran nan sai da muka kai wa maƙwabta.

Yanzu Inna ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Malam ma an ɗauke shi daga makarantar bayan mun fita, ban sake ganinsa ba. Abin da na koya shi ne, mai fama da kaɗaici ba ya faɗa, wani ma har a ɗauke shi mai girman kai. Idan kana da wanda ya rage shi kaɗai a gida, kada ka jira sai Salla ko ranar ta'aziyya. Ka je tun yana da ran da zai yi murnar ganinka.