Geron Asibitinmu

Asibitin ƙauyenmu, can gefen Fammar, ɗaki biyu ne da baranda. Tun da aure ya kawo ni garin ban taɓa ganin an sauke masa maganin da ya kai wata ba. Malamin asibitin mutumin kirki ne, amma da me zai yi aikin?

Da abin ya ishi kowa, magidanta suka yanke shawara a ƙofar masallaci. Tunda kuɗi ba ya zama a hannun manomi, kowane gida ya kawo gero da kaka, a sayar, a sayo magani a ajiye. Ni da kaina na sussuka na gidanmu na sheƙe, autata tana ta cusa hannu a ƙwarya tana ɓata min aiki. Aka jibge buhunan a ɗakin asibitin na biyu, aka damƙa makulli a hannun yayan mijina.

To, manomi dai manomi ne. Wa ya taɓa sayar da hatsi da kaka, yana araha? Suka ce a bari sai bazara. Malamin asibiti ya yi ta magiya a sayar ko da rabi ne, aka ce ya tsaya a kan allurarsa, harkar hatsi ba a makaranta ake koyonta ba. Bazara ta zo, farashi maimakon ya hau sai ya yi ƙasa. Suka ce ai asara ce, a jira tsakiyar damina.

Sauro bai jira ba. Wata rana da hantsi jikin autata ya ɗau zafi kamar garwashi, kafin in ankara ta fara jijjiga, idanunta sun kakkafe. Na saɓe ta na fita ko takalmi babu. Malamin ya duba ta, ya buɗe min kabad ɗinsa, auduga ce kawai a ciki da kwalaben da ba komai.

"Allurar da take buƙata ba ni da ita," in ji shi. "Ku yi maza ku kai ta Rano."

Da me? Abin da muke da shi duk ya tafi a taki, mijina kuma yana gona mai nisa. Na ruga wajen yayansa, na durƙusa.

"Yaya, don girman Allah ka buɗe ɗakin nan. Buhu ɗaya za a kai wa mai shago, mu samu na mashin da na allura."

"Ki yi haƙuri," ya ce, bai iya kallona ba. "Amanar jama'a ce, ni kaɗai ba ni da ikon taɓawa. Bari a idar da azahar in tara mutane."

Na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa yayan miji, kuma har gobe ban janye su ba. Na koma barandar asibiti na zauna, bayana jingine da ƙofar da aka kulle, yarinya tana fizga a cinyata. Ƙamshin geron nan yana fitowa ta ƙasan ƙofa. Tsoro ya cika ni, na rasa wanda zan kira ban da Allah.

Maƙwabciyata ce ta ja akuyarta ta kai wa mahauci, ta kawo min kuɗin. Muka hau mashin, hanya duk caɓi, nan mu sauka mu tura, can mu hau. Ba mu kai kwalta ba na ji jijjigar ta tsaya, jikinta ya saki. Na ce wa mai mashin ya ci gaba da tafiya. Ya waiwayo ya dube ta, ya kashe mashin ɗin.

Ranar sadakar uku sai ga buhun gero an shigo da shi tsakar gida. Wai jama'a sun zauna, sun amince a buɗe ɗakin a taimaka mana, ba wanda ya yi musu. Mata suka daka gumba da shi, aka raba wa yara. Surukata ta miƙo min dunƙule ɗaya, wai in daure in sa wani abu a cikina. Na karɓa na riƙe, na kasa kaiwa baki.

Sauran buhunan kuwa, aka mayar da ƙofa aka kulle su, ana jiran farashi.