Ƙwaryar da Inna Zalika ta kife a kan sawu

Inna Zalika cuku take sayarwa a kasuwar Dakoro, kuma katangarmu ɗaya da ita. A rugar Tagriss aka haife ta. Mahaifinta raƙuma yake bi zuwa arewa, kuma duk ranar da ya fita, uwarta takan kife ƙwarya a kan sawunsa na ƙarshe, ba a share wurin sai labarin saukarsa ya zo. Haka ita ma ta yi da safen da ɗiyarta Surayya ta tafi birnin Kazablanka, can ƙasar waje, karatun ungozoma.

Da yake a can ƙasar na yi karatu, ni ta kira.

"Mahbub, daga Yamai zuwa garin nan, tafiyar wata nawa ce?"

"Inna, awa huɗu ba ta cika ba a jirgi. Motar da ta kai ta Yamai ta fi daɗewa a hanya."

"To a ina suke shayar da jirgin?"

Na yi dariya, ita ma ta yi, amma ba ta ɗaga ƙwaryar ba. Ko da Surayya ta bugo waya ta ce ta sauka lafiya, Inna kai kawai ta girgiza. Jiki ne ya sauka, in ji ta. Kurwa ba ta shiga jirgi, a ƙasa take bi, da tafiyar raƙumi.

Muryar yarinyar kuwa kullum ƙara siriri take yi. Ba ta barci, abinci ba ya shiga, har ta fara zancen ajiye karatun ta dawo gida.

"Ki zauna," Inna ta ce mata. "Ina za ki koma ki yi saɓani da kanki a hanya?"

Daga nan, kowace la'asar, takan zauna kusa da ƙwaryar tana shanya cuku a tabarma, wayar a cinyarta, tana gaya wa Surayya inda kurwarta ta kai. Yau ta wuce rijiyar Tagriss. Yau tana hutawa a inuwar aduwa, kusa da Agadas. Da kurwar ta wuce inda mahaifin Inna ya taɓa kaiwa, sai Inna ta koma tambayata abin da ke gaba. Na ba ta duwatsu masu ƙanƙara a kai, da gonakin zaitun, da teku. Ta karɓe su ta jera yadda take so, har ta sa wata rijiya a bakin tekun.

Damina na shigowa Surayya ta bugo da hantsi.

"Inna, na makara aji. Barci na yi kamar an jefa ni rijiya. Cukun nan da kika ƙulla mini ma ya ƙare."

Inna ta ɗaga ƙwaryar. Tururuwa sun daɗe da cinye sawun, sai ƙasa mai laushi. Ta duba wurin jim kaɗan, sannan ta ce in miƙo mata tsintsiya.