Ranar da Ruwa ya Dawo

A unguwar Hindawiyya aka haife ni, a nan Makka kuma na tsufa ina tuƙin tasi. Tekun da na sani shi ne na Shu'aiba, inda nake kai iyali lokacin da yara ke ƙanana. Ruwan can ba ya zuwa ko'ina. Inda ka same shi da hantsi, kusan nan za ka bar shi da la'asar. Da wannan ɗan sanin na tafi Zanzibar.

Babbar 'yarmu, wadda ke aikin jinya, ita ta kai mu hutu, ni da mahaifiyarta, Hajiya. Mun sha yawo a tsohon garin, mai lunguna irin na unguwar Tandabawi ta da a Makka. Mun ga gonar kanumfari, mun ci gasasshen kifi da shinkafa mai madarar kwakwa. Amma Hajiya ba ta ƙoshi. A gidan abinci sai ta ɗaga gefen niƙabi ta kai loma, ta sauke, har abincin ya huce. Mu a Makka ba haka muke fita ba. Tukunyarmu muke ɗauka da darduma da butar shayi, mu nemi inda babu ido, mata su buɗe fuska su ci su sake.

Don haka da muka koma wani ƙauye a bakin teku, Hajiya ta dafa shinkafa da kifi a gidan da muka sauka. Muka fito da hantsi, sai na ga ruwa ya janye can nesa, ya bar fili fari fat. A tsakiyar filin akwai wani tudun yashi, babu kowa a kansa.

Na ce, "Ga wurinmu can."

'Yata ta ce, "Abuya, mai gidan nan ya ce ruwan tafiya yake yi ya dawo."

"Ya dawo ina? Tun ba ki iya tafiya ba nake kai ku bahar. Yau ke za ki koya mini?"

Hajiya ta ce, "Malam, ka san gwiwata."

"A hankali za mu je. Yalla, mu tafi."

Muka kama hanya, ni da tukunya, 'yata da darduma. Matan ƙauyen da ke tsinkar ciyawar teku suka wuce mu da damma a ka, dukansu gaɓa suka nufa. Mu kaɗai muke shiga. Na gani, ban tsaya na yi tunani ba.

A kan tudun Hajiya ta ɗage niƙabi, iska ta buga mata fuska, ta yi dariya irin wadda na daɗe ban ji ba. Ta ci ta ƙara. Ina zuba shayi 'yata ta miƙe zumbur.

"Abuya, duba bayanka."

Filin da muka tako babu shi. Ruwa bai zo ta gabanmu ba, ta baya ya zagayo, ya shiga tsakaninmu da gaɓa, shiru, ba igiya ba ƙara. Bakin dardumar ma ya fara jiƙa. Babu wanda ya iya iyo a cikinmu, kuma Hajiya ko matakalar gidanmu sai ta huta a tsaka.

Muka bar komai a nan. Na kama hannun Hajiya na dama, 'yata ta kama na hagu. Da farko ruwan a idon sawu yake, ɗumi kamar na wanka. Kafin mu yi nisa ya kai gwiwa, yana jan mu gefe. Ƙasan duk duwatsu ne masu kaifi, ba a ganinsu. Takalmin Hajiya ɗaya ya fice, ta sunkuya za ta lalubo.

'Yata ta ce, "Ummi, bar shi! Taka kawai!"

Hajiya ta sauke niƙabinta ta rufe fuska, don mutane sun fara taruwa a gaɓa suna ɗaga mana hannu. Ruwa ya kai ƙugu. Abayarta ta sha ruwa ta yi nauyi, tana naɗe mata ƙafafu, kowane taku sai mun ɗaga ta. Ina jin numfashinta yana fita da ƙyar. Sai gwiwar ta ƙi. Ta tafi ƙasa gaba ɗaya, har kanta ya nutse. Muka ciro ta, niƙabin ya jiƙe ya manne mata a hanci da baki, tana jan iska ba ta samu.

"Ummi, cire! Cire duka!"

Ba ta cire ba. Ni ta juyo ta kalla. Ruwa a ƙirjinta, numfashi ya ƙi, amma jira take ta ji abin da zan ce. Ni na saba mata da haka, tun tana amarya.

Da hannuna na fizge niƙabin. Muka zare abayar ta kanta, ruwa ya tafi da ita. Ta rage daga ita sai rigar gida, kanta a buɗe, ga jama'a can suna kallo. Ta ja iska, ta yi tari, ta taka. Ƙafafun sun samu sakewa.

Ban san yadda muka ci sauran tafiyar ba. Na dai tuna matan nan masu ciyawa sun shigo ruwa sun tarye mu, suka karɓe ta daga hannuna. Wata dattijuwa ta ciro zane daga kafaɗarta ta lulluɓe mata kai tun kafin mu fito. Da muka zube a kan yashi na waiwaya. Tudun babu alamarsa.

Hajiya ta daɗe tana tari, ƙafarta na jini. Da ta samu magana, cewa ta yi, "Malam, tukunyar nan ta mahaifiyata ce."

Na durƙusa ina duba mata ƙafar.

Zanen yana nan a Hindawiyya, ja da rawaya, da shi take rufa in sanyin na'ura ya dame ta. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Amma yanzu in jikoki suka ja mu Shu'aiba, ita ke nuna inda za a shimfiɗa darduma, kusa da mutane, ni kuma in ɗauki tukunya in bi ta a baya.