Saƙo Na Bakwai Da Na Tura Wa Mai Kula Da Imel

Shekarun baya, lokacin da mallakar imel na ofis abin taƙama ne a Jalingo, na manta lambar sirrina. Ni da nake buga adireshin nan har a bayan katin biki! Kuma a cikin akwatin imel ɗin aka turo min takardar gurbin ƙaro karatu, wadda in ban amsa kafin Juma'a ba, wani za a ba.

Mutum ɗaya ne zai iya buɗe min, wani dattijo mai kula da kwamfutocin ma'aikatarmu. Na je ofishinsa, kwaɗo a ƙofa. Wayarsa a kashe. Sai ni da abokina muka tare a wani kafe na intanet a Sintali, janareto na kuka, muna jiran shafi ya buɗe muna cin gyaɗa, ina tura wa dattijon saƙo da imel ɗin abokina. Na farko da ladabi. Na huɗu ba sallama. A na bakwai na rubuta, “In mutuwa ka yi, a faɗa mana.” Har wani daɗi na ji.

Da na koma gida ina ƙorafi, mahaifiyata ta ce, “Kai da injin kake magana? Mutum ba shi da gida ne?”

Ranar Alhamis na hau acaba zuwa gidansa a Nukkai, na shirya masifata tsaf. Ina isa na tarar da tabarmi a ƙofar gida, mutane zaune jugum. Na cire takalmi, na durƙusa, na yi ta'aziyya ban ma san ta wa ba.

Dattijon ya dube ni da jajayen idanu. “Kai ne mai saƙo bakwai? Na gani jiya. Ni ban mutu ba, ɗana. Matata ce.”

Na ce, “Baba, Allah Ya jiƙanta,” na yunƙura zan gudu. Ya riƙo hannuna, ya sa aka ɗauko masa kwamfuta daga ɗaki. Nan kan tabarmar makoki ya buɗe min akwatina, ya ce, “Amsa su yanzu, kar ka rasa.”

Na samu gurbin. Ina kewar wancan zamanin ƙwarai, kuma har yau in aka yi min shiru, sai na tambayi lafiya kafin in yi fushi. Shekaru muka ƙara yi tare muna gaisawa, bai taɓa tayar da maganar ba. Kunya ta hana ni ba shi haƙuri, har ya bar duniya.