Cha'ibu, Ɓarawon da Ya Yi Sallama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma ga watan Sha'aban, daidai da 12 ga Maris 1957, jim kaɗan bayan azahar, Allah ya karɓi ran Cha'ibu ɗan dako a ɗakinsa da ke bayan kasuwar Matameye. Tari ne ya zama ajalinsa. Ya bar matarsa Batulu da ƴaƴa biyu. Ni Harisu, abokinsa tun muna wasan ƙasa, ina cikin waɗanda suka sa shi a kushewa, kuma har yau abinci bai shiga cikina da daɗi ba.

Cha'ibu, garin nan ɓarawo yake kiranka. Ko a wurin jana'iza na ji wani a bayan sahu yana cewa, "Ai ɓarawon geron Alhaji ne." Abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan, don na san yadda aka yi ka sami sunan nan, na kuma san wanda ya fi ka cancanta da shi.

Kafin wannan, wa bai ci moriyar ƙarfinka ba? Lokacin awon gyaɗa, in tsoho ya zo da buhu ya kasa, kai ke ɗora masa a kamiyo, motar kaya, ko tamma ba ka karɓa. Da ciwo ya kama mahaifiyata a Icirnawa, muka rasa abin hawa, a bayanka ka goyo ta har wurin likita, kana ba ta labarin banza a hanya don kada ta ji tsoro.

Sai shekarar yunwa ta zo, shekara uku ke nan. Gero ya ɓace, dako ya tsaya, yara suka koma tafasa ganye. Mu uku muke zama a gindin darbejiya: ni da kai da Shekara maɗinki. Ni na fara furta maganar sata. Ni ne, Cha'ibu. Kai har toshe kunne ka yi.

Kuma wane irin ɓarayi ne mu, jama'a! A kasuwar Dungu muka kwance jakin wani. Da muka yi nisa muka ga wauta ce mu ɗauki kaya ga jaki, sai muka ɗora masa ƙullin garin rogonmu, wanda shi ke nan abincin gidajenmu uku, har da takalman Shekara. Muna isa mararraba jakin nan ya daka tsalle, ya miƙe sai gidan ubangidansa da kayanmu gaba ɗaya. Shekara ya dawo ba takalmi, yana zagi. Kai kuwa dariya ka yi ta yi har ka zauna a kan turɓaya, kana cewa mu kaɗai ne ɓarayin da suka kai wa mai kaya sadaka.

Da a nan muka tsaya, da yau kana raye. Amma na sake kawo shawara. Alhaji Idrisa mai fatauci yana da buhunan gero a shagon da ke cikin gidansa, ranar kasuwa kuma duk mutanen gidan sukan fita. Muka shirya ni da Shekara mu tsaya bayan katanga, kai da ka fi mu ƙarfi ka shiga ta zaure ka jeho mana buhu ɗaya.

Muna laɓe da rana tsaka, sai muka ji muryarka raɗau: "Salamu alaikum!"

Ashe Inna Rahamatu, mahaifiyar Alhaji, makauniya, tana zaune a inuwa. Ta amsa, ta ce, "Wane ne?"

"Cha'ibu ne, Inna. Ina wuni?"

Har durƙusawa ka yi kuka gaisa, ta ce ka matso mata da butarta, ka matso. Sa'an nan ka ɗauki buhun ka jeho mana, ka ce mata sai an jima. Muka raba geron uku. Kafin la'asar an zo an tafi da kai.

A gaban kwamanda, Baturen mulki, sau uku tafinta ya tambaye ka da su wa kuke tare, sau uku ka ce kai kaɗai ne. Ina cikin taron, na sunkuyar da kai. Ko inda nake ba ka duba ba, don kada wani ya bi idonka. Aka yanke maka shekara biyu a gidan kaso. Ƴaƴana suka ci geron nan suka rayu, kai kuma ka fito da tarin da bai rabu da kai ba.

Da ka dawo na so in tada maganar. Ka ce, "Bar ta, Harisu. Da an kama mu uku, wa zai duba gidajenmu?" Na ce to me ya kai ka yin sallama? Ka dube ni kamar ni ne wawan, ka ce, "Gidan mutane ne fa. Yaya zan shiga haka kawai?"

Ba ka taɓa tambayata ko na duba gidanka ba. Sau biyu kacal na kai wa Batulu hatsi a shekara biyun nan. Daga nan na ɗauke ƙafa, don tsoron kada a gan ni a ƙofarka a yi zargi. Kaico! Ita ta yi ta daka a gidajen mutane har hannuwanta suka farfashe.

Ranar sadakar uku na miƙe a gaban jama'a na faɗi duka. Na ce ni na shirya, ni na tare buhun, ni na ci. Liman ya kama hannuna ya ce, "Zauna, Harisu, baƙin ciki ne ke sa ka." Wani ya ce, "Allah sarki, so yake ya wanke abokinsa." Alhaji Idrisa ya rasu bara, Inna Rahamatu ta riga shi, Shekara ya yi Kudu ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Babu sauran mai gaskata ni. Yanzu ni ake nunawa a kasuwa ana cewa ga amini na gari, kai kuma kana nan da sunanka na ɓarawo. Na makara, kuma ban ga ta inda zan gyara ba.

Batulu, ina yi miki ta'aziyya, ke da Garba da Jamilatu. Ban ce ki yafe mini ba, ba ni da bakin roƙon wannan. Ki dai ajiye takardar nan, in yaran sun girma a karanta musu.

Allah ya jiƙan Cha'ibu, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah ya raya abin da ya bari, ya ba iyalinsa haƙuri. Ya Ubangiji, mutanen Matameye sun ƙi karɓar shaidata, amma kai kana nan a bayan katangar nan ranar. Ka sauke masa kasona na buhun geron, ka ɗora mini. Amin.